Korau da Makullin Motar Kakaki

Ga tawa nan, ku gyara zama.

A garin Rafin Gawo akwai wani gida a bayan masallacin Juma'a. Inna Tasalla ce babba a ciki, sai ɗanta na fari Sidi da matarsa Hajo, sai autanta Korau. Korau ƙato ne, yana ɗaukar buhun gero kamar matashin kai. Ba ya ƙarya, kuma bai taɓa zaton akwai mai yin ta ba. Abin da kunnensa ya ji shi hannunsa zai aikata, ba ragi ba ƙari.

Abin da ke ciyar da gidan nan kuwa wani baƙin akwati ne da bai fi faranti girma ba. Sidi ya ajiye shi a zaure, ya jona shi da talabijin da batirin sola, samarin gari suna zuwa suna buga ƙwallon gem a kai. Daga nan tukunyar Hajo ke hawa wuta. A cikin akwatin nan kuma gasar garin take ajiye, wadda ake ta bugawa tun bayan girbi, har ya rage Unguwar Maƙera da Unguwar Majema, za su kara ranar Sallah.

Wata rana Ila tela, gwanin Majema, yana buga wasa, Korau yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo. Ɗan wasan Maƙera ya ɗauko ƙwallo a talabijin ya nufi raga. Ila ya miƙe tsaye yana yi wa mai tsaron bayansa ihu: "Tare shi! Kai, kayar da shi!" Daidai lokacin Bawa mai shayi ya sako kai da tire cike da kofuna. Korau ya tare shi, ya kayar da shi. Shayi ya bi tabarma, biredi ya bi ƙarƙashin benci.

"Korau, me na yi maka?" in ji Bawa daga ƙasa.

"Ni ma ban sani ba, Malam Bawa. Tambayi Ila."

Sidi ya ja shi gefe ya ce, "Daga yau, in ana gem, ba da kai ake magana ba." Korau ya ce to. Ranar nan Inna ta yi ta kiransa ya zo ya ci tuwo har muryarta ta dishe, yana ji bai amsa ba, don ana gem.

Wata rana samari suka sauko daga Dutsen Birai da wani bidiyo a waya. Shi Rafin Gawo ba a samun sabis a cikinsa ko kaɗan, sai mutum ya hau can ƙololuwar dutsen ya ɗaga hannu sama. A bidiyon akwai wani mutum mai fara'a, Malam Junaidu, kakakin kamfanin da ya ƙera akwatin. Ya dafa ƙirji ya ce, "Akwatinmu yana zafi, laifinmu ne. Golan ciki wani lokaci barci yake yi, wannan ma laifinmu ne. Duk mai ƙorafi ya kira lambar nan, ni da kaina zan ɗauka." Korau ba shi da ƙorafi, amma ya ga mutumin kirki irin wannan ya cancanci gaisuwa. Ya ari wayar Hajo ya hau dutse. Bai dawo ba sai da rana ta yi ja, ba hula, don birai sun ɗauke ta.

"Ka same shi?" in ji Hajo.

"Matarsa ce ta ɗauka. Tana da ladabi, sai godiya take yi. Na tambaye ta yara, ta ce in jira kaɗan. Na tambaye ta mai gidan, ta sake cewa in jira kaɗan. Sai ta kunna mini kiɗa."

Zaure ya ɗauki dariya. Ila kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Kun dai ji. Ya ce shi da kansa zai ɗauka."

"Haba Ila," in ji Sidi. "Mutum ɗaya ne, duk duniya na kiransa. Kai ka taɓa jin ɗan kamfani ya buɗe baki ya ce laifinmu ne?"

Ila ya ce bai taɓa ji ba, kuma abin da ke damunsa ke nan.

Wata rana, ranar kasuwa, sai ga Malam Junaidu da kansa a farar mota, bayanta cike da tsofaffin akwatuna da ya karɓo daga ƙauyukan hanya. Ya tsaya a ƙarƙashin rimin kasuwa, ya gaida manya, ya sha ruwan randa bai yatsine fuska ba. Ya ce kamfani ya ji kunyar tsohon akwati, don haka duk mai shi ya miƙo, a ba shi sabo dal a kwali. Sai ya buɗe hannuwa ya ce, "Ku tambaye ni komai. Komai na ce." Ila ya ɗaga hannu. Amma Korau ya fi shi tsawo, ya fi shi murya.

"Yallaɓai, me ka karya da shi yau?"

"Ɗumamen tuwo, ɗan'uwa."

"Gashin kanka, naka ne baƙin ko shafawa ka yi?"

Malam Junaidu ya cire hula ya sunkuyar da kai. "Shafawa na yi. Furfura ta kama ni tun ban shirya ba."

Kasuwa ta kece da dariya. Korau ya tambaye shi ko yana tsoron kare, ya ce yana tsoro. Ya tambaye shi ko yana minshari, ya ce matarsa ta ce yana yi. Hannun Ila yana sama har ya yi tsami, bai sami shiga ba, sai ga ladan ya kira azahar. Mutane suka watse suna cewa ba su taɓa ganin mai gaskiya irin wannan ba. Wanda ya faɗi gaskiyar furfurarsa a tsakiyar kasuwa, me kuma zai ɓoye?

Bayan salla Sidi ya shiga zaure ya zare wayoyin tsohon akwati. Inna Tasalla tana tsaye a ƙofar gida da carbi. Ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai ta dubi Korau ta ce, "Auta, gaya wa yayanka, ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari." Korau ya juya ya gaya masa, ko da yake Sidin yana tsaye a wurin. Sidi ya ce, "Inna, ai wannan ba hadari ba ne, ruwan ne a kwali." Ila ya biyo shi har gindin rimi yana cewa a jona sabon tukuna a gani. Malam Junaidu ya yi murmushi, ya dafa ƙirji kamar yadda ya yi a bidiyo, ya ce, "Ka kwantar da hankalinka, tela. Ba zan bar garin nan ba sai na ga an buga wasa a sabon akwati da idona." Da jin haka Sidi ya miƙa. Tsohon akwati ya shiga bayan mota, da gasar gari da abincin gidansu duk a cikinsa. Korau kuwa ya ji maganar, ya adana ta.

To, a wannan ranar dai, Sidi ya tafi gida da kwalinsa, samari sun bi shi suna rububin taɓawa. Korau ya tsaya kallon mota. Sai ya ga direba ya juya kanta ya fuskanci hanyar birni, ya bar makulli a jiki, ya je sayen tsire. Malam Junaidu kuma yana ta sallama da mutane, ƙafarsa ɗaya har ta shiga mota. Hankalin Korau ya tashi. Ga mutum ya yi alkawari a gaban jama'a, ga direba marar tunani zai ɗauke shi kafin ya cika. Ya zura hannu ta taga ya zare makulli, ya sa a baki, ya dare kan rimi har reshen da tsuntsaye kaɗai ke sauka.

"Kai! Ɓarawo!" in ji direba, tsire na zuba daga takarda.

Korau ya cire makulli daga baki ya leƙo. "Yallaɓai, kada ka damu, na hana shi. Direban nan so yake ya mai da kai maƙaryaci."

"Sauko, ɗan'uwa," in ji Malam Junaidu. "Ai magana ce kawai."

"Na sani, Yallaɓai. Taka ce. Ina tsare maka ita."

Sidi ya dawo a guje. Ya roƙa, ya yi faɗa, ya ce zai gaya wa Inna. Aka je aka gaya wa Inna, ta ce ƙafarta na ciwo, ba za ta iya fitowa ba. Kasuwa duk ta dawo gindin rimi. Ila ya ce, "To ai abin mai sauƙi ne. A kawo talabijin a jona, a buga wasa ɗaya, Korau ya sauko, baƙo ya tafi." Ba wanda ya ga aibin wannan. Aka ɗauko talabijin da batir, aka yage kwali, aka jona. Akwatin ya haska, kyakkyawa kamar ango. Sai wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar talabijin yana juyawa. Ya yi ta juyawa. Ba fili, ba ƙwallo, ba ko golan nan mai barci.

"Me yake jira?" in ji Sidi.

Malam Junaidu ya goge goshi. "Sabis. Shi sabon ba ya tashi sai da sabis."

Duk kasuwa ta juya ta dubi Dutsen Birai. Sidi ya zauna a kan kwalin.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?" in ji Ila.

"Ba wanda ya tambaye ni."

Wannan ma gaskiya ce. Ila ya dubi hannunsa da ya wuni a sama. Ya nufi bayan mota, Bawa mai shayi ya taya shi, suka tono baƙin akwatinsu daga cikin na sauran ƙauyuka. Sun gane shi da tabon shayi a gefe. Aka jona shi nan take. Ya yi ɗan gurnaninsa na kullum, fili ya bayyana, ga Maƙera ga Majema suna nan inda aka bar su. Sidi ya rungume shi yana zafi, yana ta alhamdu lillahi, har hawaye.

"To Korau, sauko," in ji shi. "Allah ya yi maka albarka, sauko."

"Yaya, a sabo ya ce."

Ba yadda ba a yi ba. Ƙarshe Malam Junaidu ya naɗe babbar rigarsa ya ɗauki sabon akwati, direba ya ɗauki talabijin a ka, samari suka ɗauki batir, aka hau Dutsen Birai. Can a ƙololuwa zoben ya daina juyawa. Aka buga wasa ɗaya, 'yan wasan suna daskarewa a tsaye duk sanda iska ta kaɗa, birai na kallo daga kan duwatsu, ɗaya sanye da hular Korau. Da aka busa tashi, aka ƙwala wa Korau kira daga sama, ya sauko daga rimi, ya goge makulli da rigarsa, ya miƙa da hannu biyu.

Motar ta bar gari ana kiran magariba, da sabon akwati a cikinta. Ranar Sallah aka buga wasan ƙarshe a zauren Sidi, Maƙera suka cinye, Ila ya ce golansa ne ya yi barci, kuma laifin kamfani ne, ai da bakinsu suka faɗa. Hajo ta zuba wa Korau nama har ya rufe tuwo. Har yau in baƙo ya zo garin da daɗin baki yana lissafa ƙananan aibobin hajarsa, samari kan saurare shi da ladabi, sannan su ce a jona a gani.

Korau kuwa, duk sanda aka tuna da Malam Junaidu, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Na gaya muku mai gaskiya ne. Bai bar gari ba sai da ya gani da idonsa."

Inna takan ja carbinta ta ce, "Haka ne, Auta. Da taimakonka."

Ƙurunƙus. Wanda bai yarda ba ya hau dutsen ya tambayi birin mai hula.