Rasuwar Hajiya Toka, Kwamfutar Madam Ruhama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da ɗaci, Madam Ruhama Titus, malamar kimiyya mazauniyar unguwar Zariya a Maradi, tana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutarta, wadda aka fi sani da Hajiya Toka saboda launinta. Ta cika ranar Alhamis da azahar, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Marigayiyar ta zo hannun Ruhama ta riga ta manyanta, amma ba ta taɓa ƙin aiki ba. Shekara huɗu suka yi tare suna zana eriyar wata ƙaramar na'urar rada mai hango hadari tun daga nesa, don manoman Jiratawa su daina zuba irin gero a ruwan farko mai yaudara. Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, a cikinta ake gwada komai: Ruhama ta canja tsawon eriya, ita kuma ta lissafa inda igiyar rediyon da eriyar ke aikawa za ta kai da yadda za ta dawo. Gwaji ɗaya kan ci kwana biyu. In an ɗauke wuta sai a koma farko, ta ce "tiit", ta ɗauka ba gunaguni.

Ciwon ajali ya kama ta a bazarar bana. Fankarta ta fara tari, "kirrr, kat, kat", jikinta ya yi zafin da ba a iya dafawa. Ruhama ta ɗora ta kan bulo biyu, tana yi mata fifita da littafin darasi. Sau uku ta je cibiyar binciken da take aiki da ita neman aron ɗaya daga cikin sabbin kwamfutoci goma sha biyu da ke kulle a kwali tun bara waccan. Sau uku shugaban cibiyar yana gyara hula yana cewa, "Madam, ai ba a yi bikin buɗe su ba tukuna." A gwaji na ƙarshe, saura kwana tara a miƙa sakamako ga masu tantancewa, fuskarta ta yi shuɗi, sannan ta yi baƙi. Illo mai gyara na Sabon Gari ya buɗe ta, ya sunsuna, ya ce, "Wannan ta ƙone har ƙwaƙwalwa. Abin da ke ciki ya tafi da ita."

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba, da jaka mai tsinkakken hannu, da ɗan kile ɗaya na ajiyar bayanai, wato filashi, wanda rabin aikin bara kawai ya riƙe. Ta kuma bar manoman da za su sake shuka bana suna kallon sama.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da hantsi daga shagon Illo, bayan ya cire abin da zai amfani masu rai, a kai ta Tsibiri, a ajiye a saman kabad ɗin mahaifiyar Ruhama. Ba za a yi jawabi ba. Masu zuwa gaisuwa kada su ɗauko "sai haƙuri", gidan ya cika da shi har ba wurin ajiyewa. Su zo da takarda da biro, domin da an watse Ruhama za ta fara lissafin da hannu.