Ranar da Na Gaida Surukaina da Tafin Ƙafa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta ƙarshen damina ba, ko na so in manta ma dangin matata ba za su bar ni ba.

A lokacin na haukace da koyon tsayuwa a kan hannu, kai ƙasa, ƙafa sama. A waya na ga ana yi, na ce ai ba a fi ni ƙashi ba. Abokina Sagir, malamin motsa jiki a wata sakandare nan Daura, ya sha gaya mini tsayuwata ba ta yi ba.

"Kai fa gantsarewa kake yi kamar ayaba," in ji shi. "Matse ciki, tura ƙasa da kafaɗa, hannu da ƙugu da ƙafa su miƙe a layi ɗaya. Kuma ka daina dukan bango da dunduniya, taɓa shi kawai ake yi."

Na ce to. (A raina kuwa na ce hassada ce.)

A makon nan ne kawunnan Hauwa, yarinyar da nake nema, za su zo daga Mashi su yi bincike a kaina. Kowa ya san yadda abin yake: ba kai ake tambaya ba, maƙwabta ake tambaya, kuma ba a gaya maka ranar. Ni dai hankalina kwance, don maƙwabcinmu Malam Hudu tun ina ƙarami yake yabona.

Katangar da ta raba gidanmu da nasa ta ƙasa ce, ta sha ruwan damina har ta ƙoshi. A jikinta nake atisaye kullum. Bayanta kuwa farfajiyar da Malam yake sauke baƙi ce.

Bayan la'asar, daga ni sai gajeren wando, na dafa ƙasa na watsa ƙafafu sama da iyakar ƙarfina. Bayana ya gantsare kamar yadda ya saba, dunduniyata ta daki katanga tim! Na jira ta tare ni. Ba ta tare ni ba. Wallahi ji na yi ta tafi, ni ma na bi ta.

Da ƙura ta lafa, ina kwance rigingine a kan tarin ƙasa, ƙafata ɗaya a sama. Dattawa uku suna tsaye a kan tabarma suna salati, ɗaya riƙe da ludayi, ga hogen ƙasa a cikin kwanon fura. Ɗaya Malam ne, biyu ban san su ba, amma hancin Hauwa sak na gani a fuskar mai ludayin. Kawunnanta ne.

Malam ya dube ni, ya dubi katangarsa, ya ce, "To... ga shi nan. Shi ne yaron."

(Daga baya ya gaya mini maganar da ke bakinsa lokacin: "Natsattse ne, ko motsinsa ba ma ji.")

Na mirgina na durƙusa, ina kare ƙirji da hannu. "Sannunku da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Mu dai mun zo lafiya," in ji mai ludayin. Ashe dillalin shanu ne, ya ƙare mini kallo tun daga wuya har ƙafa, irin kallon da yake yi wa sa a kasuwa. Ya juya ga ɗan'uwansa ya ce, "Lafiyar jiki kam akwai ta. Hankalin ne za mu sake tambaya."

Suka sake tambaya kuwa. Auren da aka sa rai kafin girbi sai da ya kai bayan kaka, aka bi masallacin unguwarmu har da wurin aikina. Ni na kwaɓa ƙasa na tayar da katangar da hannuna, yaran unguwa suna leƙe.

Yanzu tsayuwata ta miƙe, Sagir ma ya yarda. Na gane ciki ake matsewa, ba bango ake dogara da shi ba. Amma har yau kafin in ɗaga ƙafa sama sai na leƙa na tambayi Malam ko yana da baƙi.