Ƙanzon Abarba

Ranar da surukan ɗiyata za su zo gidanta a unguwar Arkilla, ta nuna mini tukunyar lantarki mai soya abinci ba tare da mai ba. Ta ce, "Inna, ga abarba da sukari, in tukunyar ta yi ƙara ki fidda."

Ni da na tsufa gaban murhu, ƙarfe zai koya mini sauke girki? Da ta yi ƙara na ce ƙarya take, na sake murɗawa. Abarba ta fito baƙa ƙirin.

Na kankare, na jera a faranti, na ɗaure fuska na ce wa baƙi, "Ƙanzon abarba ne, cimar mutanen da." Wa zai musa mini? Suka cinye tas, uwar mijin har da neman ƙari.

Har yau in girki ya ƙone, sai ɗiyata ta ce, "A kira Inna ta raɗa mishi suna."