Kunnen Oga Ƙure-Maleji

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a shekarar da aka kwaso Legas aka juye a Abuja, in ya ce bai san Injiniya Yamusa ba, to a Suleja motarsa ta tsaya. Mataimakin Daraktan Sadarwa ne a wata hukumar tarayya, mai biro huɗu a aljihun gaba, kowane da launinsa. Ya taɓa yin kwas na mako uku a Jamus, kuma Allah ya yi masa baiwar baki: shekara shida yana ba da labarin kwas ɗin, har yau bai fita daga mako na biyu ba.

A Legas ya yi suna. Layin tarhon hukumar ta zaren gilashi yake bi, siriri kamar gashi, haske ne ke gudu a ciki. In hasken ya iso, wani akwati ya karɓe shi ya mai da shi lantarki, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, sai ya zama magana. Ofishin can nesa yake da gidan waya, saboda haka hasken a galabaice yake isowa. Rannan layi ya ɗauke, Yamusa ya ga wani baƙin kunne irin na rediyo a jikin akwatin, ya murɗe shi har ƙarshe. Layi ya dawo. Shi ke nan fa, ilimi ya kammala. Fanka, rediyo, firij ɗin ofis, murya a wajen taro, komai sai a ƙure. Direbobi suka sa masa Oga Ƙure-Maleji, shi kuwa da ya ji, ya ɗauka sarauta ce.

To, a Abuja gidan wayar tsallaken titi ne kawai. In ka tsaya a taga kana hango mai gadinsu yana alwala. Hasken da zafinsa yake faɗowa cikin akwati.

Mai kula da akwatin Lucia ce, 'yar Jiwa, mai difloma a fannin lantarki. Wata takwas tana aikin wucin gadi, takardar tabbatar da ita tana kan teburin Yamusa tana jiran sa hannu. In wata ya ƙare ba a sa ba, sai ta ninke difloma ta koma gonar doyar babanta, bayan duk Jiwa an gama shelar cewa 'yar gidan ta shiga gwamnati.

Cikin ladabi ta yi masa bayani. Ta ce sabon akwatin nan da kansa yake auna haske: in ya zo da rauni ya ƙara masa ƙarfi, in ya zo da yawa ya rage. Ta ce in aka ƙure wa abin da ya riga ya yi ƙarfi, amfilifayar shaƙewa take yi, kamar a zo saitin kunnen mutum a yi masa ihu, ba abin da zai fahimta.

Yamusa ya cire tabarau a hankali, don ta ga girman abin da ta faɗa.

"Ya rage? Da izinin wa? Ni da nake Mataimakin Darakta ko tsintsiya ban isa in rage ba sai da takarda kwafi uku, sai akwati? A Jamus, Madam Lucia, a Jamus..."

Minti arba'in suka yi a Jamus. Da suka dawo, ya sa ta kashe wannan rashin kunyar ta sarrafa kai, ya kama kunne ya ƙure da hannunsa mai albarka. Ya ɗaga tarho. Sai ka rantse ƙosai ake soyawa a ciki.

Wani injiniyan da sai ya rikice. Ban da namu. Nan take ya gano duwatsun Abuja ne ke hana magana wucewa, ya rubuta rahoto shafi tara da jan biro, yana neman a yi odar kunnen da ya fi wannan zagaye.

Ran Laraba aka sanar cewa Litinin Shugaban Hukuma zai zo da baƙi ya buga waya ta farko zuwa Legas. Yamusa ya ɗiga jan fenti a inda kunne ya ƙure, ya kira Lucia ya shimfiɗa mata doka biyu. In ta taɓa kunnen nan, ba takarda. In layi ya ba shi kunya ran Litinin, ba takarda.

Ranar ko abinci Lucia ba ta iya ci ba. Tsoro take ji, haushi kuma ya fi tsoron yawa. Da safiyar Litinin, Oga yana ofis yana gwada jawabinsa a gaban madubi, ta zagaya bayan akwati ta kwance murfi. Wayoyi uku ne ke zuwa ga kunnen. Ta narkar da dalmarsu ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe su, ta mayar da akwatin kan sarrafa kansa, ta rufe. Kunne dai yana nan kan jan fentinsa, ko ƙura ba ta share masa ba.

Baƙi suka cika ɗaki. Yamusa, cikin babbar riga mai aiki har gwiwa, ya mayar da kunne sifili don a ga abin al'ajabi daga tushe. Lucia ta matsa ta tsaya kusa da tarho, kada wani ya ɗaga shi yanzu ya ji shi tar.

"Ranka ya daɗe, manyan baƙi," in ji shi, "na'ura kamar ƙaramin ma'aikaci take. In ka sake mata, ta yi barci. Ku dubi hannuna."

Ya murɗa a hankali, ido a lumshe, har jan fenti. Shugaba ya ɗaga ya buga. Muryar Legas ta fito garau, kamar mutumin yana ɗaki na gaba. Aka ɗau tafi. Yamusa ya sunkuyar da kai irin na mutanen da ba su son yabo, amma bai ɗago ba sai da tafin ya ƙare.

Da la'asar ya sa hannu a takardar Lucia da koren biro. A ƙasa ya ƙara da cewa tana da saurin koyo, musamman in tana tsaye kusa da shi.

Shekara goma sha ɗaya, kullum da safe sai ya shiga ɗakin nan ya taɓa kunnen, ya tabbatar yana ƙure. Layi bai taɓa ɗaukewa ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta dalili ba.

Ranar da zai yi ritaya, Philip na sashen mulki ya rasa kyautar da ta dace da gwarzo irin wannan. Ya tambayi Lucia, wadda yanzu ita ce shugabar sashen kula da na'urori. Sai ta ɗauko sukundireba.

A wajen walima Yamusa ya buɗe ƙunshi, sai ga baƙin kunnensa. Ya miƙe zumbur, ya ce an kashe hukuma, an yanke ta daga duniya, wane jahili ne ya cire wannan? Yana cikin faɗa tarhon da ke kan tebur ya yi ƙara. Ya ɗaga. Tsoffin abokan aikinsa ne daga Legas, suna taya shi murna, kowace kalma tar.

Ya dubi tarho a hannun dama, ya dubi kunne a hannun hagu. Ya dubi Lucia.

"Oga, yi haƙuri," ta ce a hankali. "Tun ranan Litinin ɗin nan ne."

Allah sarki, sabo. Yana riƙe da tarho a kunne, yatsunsa suka murɗa abin a iska, har ƙarshe. Muryar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.