Hure Mai Shunayya a Kan Baiwa

"...lahiya lau, baiwata. Wa ya kwance ki da sassahe haka?"

Muryar Tahiru ke nan, ranar Lahadi a kasuwar Filinge, gaban mai saida dashen hure da ke kawowa daga Yamai. Wadda yake ma magana kuwa Habsa ce, maƙwabciyata. Shi ɗan namiji, ita ɗiyar mace, taubasai ke nan, kuma a al'adar wasan taubasai shi ne ubangiji, ita baiwa. Ni dai rakiya na yi, amma kunnuwana ba su zo hutu ba.

Habsa ta shafe ƙofar gidanta da fenti shunayya, ta gina rami, ta zuba taki, ta cika matan unguwa da labarin huren da za ta dasa. Ga dashen huren buganbil jere cikin leda, amma ɗaya tak ta fidda hure shunayya. Sauran ganye ne zalla, ba mai sanin launinsu. Ita ɗayar ce hannun Tahiru ke bisa.

"Sake ta, ni na fara gani," in ji Habsa.

"Da wane ido? Wanga da ke kiran jaki doki? Anisa na yi ma alkawari, uwargida guda."

"Kai da hure? Gidan da awaki ke kwana bisa gado? Kahin la'asar sun tauna ta."

"Awakina sun fi ki tarbiyya."

"Ai ga tumfafiya can bayan dangarka, hurenta shunayya, kyauta. Ita ta dace da kai, ko akuya sai yunwa ta ci ta take dubanta."

Mai dashe ya ce, "Ku ɗauki wata mana, ƙila ita ma shunayya ce."

"Ƙila? Ban gina rami don ƙila ba!"

Tahiru ya biya, ya gyara hula. "Magana ta ƙare. Baiwa ba ta ja da ubangijinta."

Sai na ga Habsa ta yi laushi, har da rusunawa.

"Gaskiyarka, ranka ya daɗe. Amma mi mutane za su ce, babban mutum da leda a hannu, ga baiwa tsaye?"

"Yau kin yi hankali. Ɗauki!"

Ta naɗa gammo, ta aza. Shi ko ya shige gaba, hannu a baya, duk rumfar da ya wuce sai ya ce, "Ku dubi baiwata, da tsada na saye ta." A rumfar mahauta ya tsaya ba da labari. Mu kuwa muka karya kwana.

Ko da ya iso gidan Habsa yana haki, an dasa, an ba ta ruwa, an kewaye da ƙaya.

"Habsa! Nan ne gidana?"

"Ɗauki ka ce, ba ka ce kai ba. Kuma gidan baiwa ai na ubangiji ne. Hurenka na nan, kullum ka zo ka gani daga ƙofa."

"To mi zan ce ma Anisa?"

Ta miƙa mashi reshen tumfafiya da ta karyo a hanya, har ta ɗaure shi da zare.

Tahiru ya dubi reshen, ya dube ta, dariya ta ƙwace mashi har hula ta faɗi.

"Allah ya isa tsakanina da gwaggo da ta haife ki! Riƙe, na bar maki. In ta yi reshe ki yanko mani."

"Sai ka zo da kanka ka ɗauka," in ji Habsa. "Baiwa ta yi ritaya."