Shahadar da Balarabe ya samo a Osaka

"Ni Balarabe, ku ɗaure mini ido ku jefa ni kowane birni a duniya, kafin a kira la'asar na samo muku masaukin da mai garin ma zai yi sha'awa."

Aboki, in ka taɓa shan shayi a Harra ta Gabas wajen shekarar 1982, to ka ji wannan maganar, don kullum sai Balarabe ya yi ta kamar wuridi. Dillalin masauki ne, simsar kamar yadda ake cewa a nan Madina. Da motar alhazai ta tsaya za ka ga ya mirgino da tumbinsa, carbi a hannu ɗaya, tarin makullai a ɗaya. Ɗakin mutum huɗu sai ya cusa goma sha biyu, ya ce musu ai matsi a garin Manzo lada ne. Gidan da ke tafiyar rabin awa daga Harami, a bakinsa taku biyu ne. Mu 'yan majalisa muna kiransa Wazirin Katifu, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce, har yana amsawa da gyaran murya.

Ƙanin matarsa Ƙaltume, wato Sabiru, yana da shagon kayan gyaran mota a hanyar Bi'ir Ali. Haifaffen nan ne, yana jin Hausa sarai, amma rabin amsarsa da Larabci take fita. Shekara bakwai yana neman wani kamfanin Japan ya ba shi wakilci. Ran nan sai ga saƙo: ya zo Osaka, ranar Talata da ƙarfe goma na safe ya gana da shugabansu. Sun kama masa ɗaki a wani funduƙ, wato otal, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, za su kuma aiko a tarye shi.

Balarabe ya karɓi takardar, ya juya ta, ya yi tsaki.

"Sun kama maka ɗaki? Kai kuma ka yarda? Sabiru, masaukin da mai masauki ya zaɓa maka, shi ne wanda kowa ya ƙi. Ni nake yi wa mutane haka, na sani."

"Bas ya Yaya, kusa da sharika ne, kamfanin nasu."

"Kusa da tasha dai. Hayaniya, hayaƙi, 'yan sane. Da ni za ka tafi."

Ƙaltume ta ce wa mijinta daga cikin gida, "Abu Sharifa, kai da Jidda ma sai ka tambayi hanya?"

"Wannan gwada mutanen Jidda nake yi," in ji shi.

Suka sauka Osaka ranar Litinin da hantsi. A bakin ƙofar fita ga wani mutum sanye da kwat, riƙe da allo mai sunan Sabiru. Balarabe ya damƙe hannun surukinsa ya ja shi ta ɗaya ƙofar.

"Ka gan shi? Simsar ne. Daga tsayuwarsa na gane ɗan'uwana. Kada ka haɗa ido da shi."

Daga nan ya fara koyar da darasi. Kowane birni, a cewarsa, yana da haraminsa, kuma masaukin kirki yana inda masu ziyara suke sauka. Ya nufi wata mata a teburin tambaya, ya juye mata Turancinsa na tsince-tsince, kalma bakwai da rabi, ya haɗa da ɗaga hannu sama kamar mai addu'a da tafiya a wuri ɗaya kamar mai ɗawafi. Matar ta yi murna ƙwarai da ta gane. Ta sunkuya, ta buga waya, ta sake sunkuyawa, ta zana musu hanya a takarda.

Suka hau jirgin ƙasa, suka sauka, suka hau wani. Gidaje suka ƙare, gonaki suka ƙare, aka shiga duwatsu. Sabiru ya dubi agogo.

"Yaya, awa biyu muna tafiya."

"Taku biyu ne," in ji Balarabe, don bakinsa ya saba.

A ƙarshe aka sa su a wani ƙaramin jirgi da igiya ke ja, ya yi ta hawa dutse a tsaye kamar ƙadangare. A can ƙoli suka tarar da sanyi mai shiga ƙashi, da itatuwa dogaye, da mutane cikin fararen kaya suna tafe da sanduna. Balarabe ya washe baki.

"Me na ce maka? Har ihrami suke yi."

Wasu mutane masu ƙwalƙwalin kai suka fito daga wani babban gida na katako, suka tarye su da ladabi.

"Ka ga waɗannan ma sun gama umrarsu, sun yi aski. Sabiru, ka riƙa koyo."

Aka kai su ɗaki. Ba gado, ba kujera, bangon kuma takarda ce, in ka yi tari sai maƙwabcinka ya ce sannu. Aka kawo abinci a ƙananan ƙwarya goma sha: awara ba gishiri ba yaji, ganye, wani abu mai santsi da Balarabe ya yi ta bi da tsinke bai kama ba. Ya tambayi nama, ya yi kukan rago don su gane. Aka sunkuya masa aka ƙaro awara. Da Sabiru ya shimfiɗa sallaya, wani tsoho cikinsu ya lura, ya nuna masa alƙibla wajen yamma da hannu, ya ja ƙofa a hankali. Ni dai na san Balarabe bai taɓa yi wa baƙonsa irin wannan ba.

Da gari ya waye aka kaɗa ƙararrawa. Wazirin Katifu ya ce ai karin kumallo ne, ya riga kowa tashi, ya bi jerin mutane zuwa wani zaure. Yana shiga ya tarar da hayaƙin turare, masu aski a durƙushe suna rera wani abu da murya ɗaya, ga wani ƙaton mutum-mutumi na zinariya yana kallonsa. Ya tsaya, carbin ya tsaya. Ya fito da baya da baya yana a'uziyya, ya leƙa ta bayan gidan don ya sha iska, sai ya ga kaburbura, dubbai, har iyakar ganinsa.

"Tattara kaya," ya ce wa Sabiru. "Unguwar ba ta da kasuwa."

Sai ƙarfe ɗaya na rana suka iso Osaka. Sabiru ya buga wa kamfanin waya. Ashe tun jiya suke nemansa, har asibitoci sun tambaya. Suka ce ba komai, cikin irin ladabin da ke sa mutum ya ji kunya fiye da zagi. Amma shugaban zai bar gari ranar Alhamis da rana. In Sabiru bai zo da safiyar ranar ba, akwai wani ɗan kasuwa daga Dammam da ke jira.

Sabiru ya ajiye waya, idonsa ya yi ja. "Halas ya Yaya. Mu tafi funduƙ ɗinsu."

"Mu je musu da kunya a fuska? Ka ba ni dama ɗaya. Wancan kuskuren matar ne, Turancinta bai nuna ba."

Darasi na biyu shi ne, masaukin kirki yana tsakiyar kasuwa, kuma ana gane shi da yawan masu shiga. Ya bi sahun wasu ma'aikata masu jakunkuna har wani gini siriri. Mai karɓar baƙi ya nuna masa lamba: ɗaki ɗari huɗu. Balarabe ya dubi faɗin ginin, ya dubi lambar, ya dafe ƙirji.

"Ɗari huɗu a wannan ɗan wurin. Sabiru, yau na haɗu da malamaina."

Aka kai su sama. Ɗakunan ramuka ne a jikin bango, biyu-biyu, wani kan wani, kowanne daidai kwanciyar mutum ɗaya, da ɗan labule a wajen ƙafa. Sabiru ya ce wannan ai gidan tattabaru ne. Balarabe bai ji shi ba, yana can yana auna ramin da taƙi, yana lissafin alhazai nawa zai iya jerawa a gidansa na Harra. Don ya nuna yadda ake yi, ya taka tsani ya cusa kai a na sama. Kai ya shiga, kafaɗa ta shiga, tumbi ya yi gardama, sannan ya bi. Ya ja labule da yatsan ƙafa.

Can sai Sabiru ya ji murya ƙasa-ƙasa tana kalmar shahada.

"Yaya, lafiya?"

"Sabiru, wannan abin lahadi ne, ramin kabari. Saura kawai a tambaye ni. Fitar da ni."

Sai dai bayansa ya riƙe, juyawa ta gagara. Ma'aikata biyu suka zo, suka sunkuya wa tafin ƙafarsa, kowa ya kama ɗaya, Sabiru ya riƙe tsani. Suka ja, ya fito kamar an zare toshiyar tulu, ya bar hula a ciki.

Wannan karon Sabiru bai nemi shawara ba. Ya tsayar da tasi ya miƙa takardar kamfanin. Minti biyar suka isa. Funduƙ ne mai tsabta, gado biyu, taga tana kallon ginin kamfanin a tsallaken titi. Balarabe ya danna katifa da hannu ya ce, "To, ba laifi. Amma unguwar ba ta yi mini ba. Gobe zan duba mana wata."

Ranar Laraba ya fita duba unguwa. Ya sauka wani matakala kusa da tasha, ashe a ƙarƙashin ƙasa akwai wani garin sukutum, shaguna da tituna, ba rana ba inuwa balle ya gane gabas. Ɗan sanda ya dawo da shi kafin azahar. Ya ce ai raka shi aka yi don girmamawa. Bayan la'asar wani ɗan sandan ya sake rako shi. Ranar Alhamis, Sabiru yana can yana sa hannu a takardar wakilci, 'yan sanda biyu suka kawo Wazirin Katifu a mota, takalmi ɗaya a hannu.

A nan ne manajan funduƙ ɗin ya fito da kansa. Ya ɗauko farin kati mai kauri, ya yi rubutu mai kyau irin nasu, ya buga jan hatimi, ya zura zare, ya rataya wa Balarabe a wuya da hannu biyu, ya sunkuya har ƙasa. Ma'aikata duka suka sunkuya. Balarabe ya ji hawaye na neman zubo masa.

Muna majalisa suka dawo. Sabiru ya samu wakilcinsa, bai ce komai ba sai alhamdu lillahi. Balarabe kuwa ya kai katin aka sa masa gilashi da firam na ruwan zinariya, ya kafa a zauren gidansa inda yake karɓar baƙi.

"Shahada ce, takardar shaida," yake gaya wa kowa. "Ƙungiyar masu masaukin Japan ce ta ba ni. Sun ce ba su taɓa ganin baƙon da ya san unguwanni kamata ba."

Wata huɗu yana cin wannan kasuwar. Sai ran nan wani Bajapane Musulmi mai suna Mahmudu, ɗalibi a nan Madina, ya zo neman ɗaki don iyayensa za su zo ziyara. Balarabe ya aika aka kira mu duka, ya zaunar da baƙon a ƙarƙashin firam ɗin.

"Ya ustaz, karanta musu. Da ƙarfi, akwai masu hassada a nan."

Mahmudu ya duba, ya sunkuyar da kai, ya ce wataƙila a bari sai wani lokaci. Balarabe ya rantse sai ya karanta. Shi kuwa ya gyara tabarau, ya fassara da Larabci tiryan-tiryan:

"Wannan bawan Allah baƙonmu ne. Ya ɓace sau uku cikin kwana biyu. Wanda ya tsince shi, don Allah ya dawo da shi funduƙ ɗinmu. Idan ya ce ya san hanya, kada a yarda."

Balarabe ya buɗe baki zai ce Japancin yaron bai nuna ba, sai labulen cikin gida ya motsa, hannun Ƙaltume ya fito riƙe da biro.

"Ya ustaz, Allah ya saka da alheri. Akwai sauran wuri a ƙasan takardar? Ƙara masa adireshin gidan nan da Larabci, gobe Jidda za shi."