Waya a Cikin Hular Kawu Sale

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar bikin Hassana a Bunkure, ko da yake kunya ta shafe min wasu wurare, don haka a karanta da uzuri.

Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata kuma mahaifin amaryar, makaho ne, makaɗin kalangu. Burinsa ɗaya: ya naɗi waƙar da ya tsara wa 'yarsa da hannunsa, ba sai an ja shi situdiyo a Kano an cusa masa fiyano ba. Ni kuwa na gama digirin kwamfuta, sai na ce (a hankali na faɗa, amma dai na faɗa) zan haɗa masa manhajar naɗin waƙa a waya da ba ta buƙatar ido. In kiɗa ya tafi daidai, waya ta ɗan girgiza. In ya kauce, murya ta sanar da shi. Muryata na sa, don ina ganin zai fi sakewa da ita.

Na gwada ta sosai, har ɗaure idona na yi da ɗankwalin Inna. Abin da ban tuna ba shi ne kalangu hannu biyu yake ci, har da hammata. Da muka je filin biki, Kawu ya tambaye ni inda zai riƙe wayar. Na duba shi sama da ƙasa, sannan na cusa masa ita cikin hula.

Kuskure na biyu, mai lasifika ya nemi ya jona wayar da lasifikarsa don jama'a su ji, na kasa cewa a'a. Na uku kuma, manhajar ta ɗauki bugun injin ban-ruwa da ke gonar shinkafar bayan gida a matsayin ma'aunin kiɗa.

Kawu ya fara, mata suka yi guɗa. Sai ga muryata ta cika unguwa, cikin ladabi: "Kawu, ka kauce."

Ya ci gaba. Hula tana rawa a kansa. "Kawu, ka kauce." A gaban surukansa! Na so ƙasa ta tsage.

Shi kuwa bai tsaya ba. Ya karkata kai, ya saurari inda muryar ke faɗowa, ya bar mata gurbi a cikin kiɗan. Kafin a jima ta zama amshi, 'yan mata suna tafi suna maimaitawa.

Da yamma na roƙe shi in goge muryata daga naɗin. Ya hana. "Bar ta, ɗana," in ji shi. "Ban taɓa samun ɗan amshin da ba ya gajiya ba. Sai dai gobe ka tambaye ni kafin ka taɓa min hula."

Yanzu tare muke gyaran manhajar, a damtse ake ɗaura wayar. Na koyi cewa rufe ido da ɗankwali ba ya mai da mutum Kawu Sale. In tambaye shi kai tsaye ya fi sauƙi.

Wasu sun ce hular ta faɗo, ni ban gani ba, kaina na ƙasa. Wanda ya halarta ya taimaka ya gyara min.